Excel ya ƙi buɗewa ko ya ƙi ajiya ta Remote Desktop: wa ke riƙe da fayil ɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne akanta a wani kamfanin sarin kayan masarufi, ofishinmu yana kusa da Kasuwar Singa, sitonmu kuma yana Sharaɗa. Akwai kwamfuta guda a ofis mai Windows Server, mu huɗu muke shigarta ta Remote Desktop, wani daga sito, wani daga gida. Fayil ɗin Excel na lissafin kayan sito yana ba mu ciwon kai. Wani lokaci ya ce "locked for editing", har da sunana, alhali ni ban buɗe shi ba. Wani lokaci ya ce "Microsoft Excel cannot access the file". Ranar da ta fi muni kuwa, sai an gama shigar da kayan yini guda, a danna Save, ya ce "Document not saved". Akwai kuma rahoton da aka saita ya riƙa fita da kansa da tsakar dare, shi ma ba ya fita sai in wani yana cikin kwamfutar. An sake sa Office har sau biyu, ba ta canja zani ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ko sau goma za a sake sa Office, Malam, haka za ku ci gaba da gani, domin Excel ɗin lafiyarsa ƙalau. Abubuwa huɗu ka lissafo kuma kowanne da sanadinsa, amma hanyar gano su ɗaya ce. Duk lokacin da saƙon ya fito, ka fara tambayar kanka: a wace kwamfuta Excel yake gudana, a ina fayil ɗin yake zaune, kuma da wane asusu aka shiga? Idan ka shiga ta Remote Desktop, abin da kake gani a laftof ɗinka hoto ne kurum ake turo maka. Excel ɗin na sabar ofis ne, wato kwamfutar nan mai Windows Server da kuke shiga, Desktop ɗin nata ne, faifan C nata ne. Yawancin ruɗanin daga mantawa da wannan yake tasowa.

Mu fara da kullewar, don ita ta fi yawa. Idan mutum ya gama aiki ya danna alamar X da ke saman allon Remote Desktop, bai fita daga sabar ba, igiyar kawai ya tsinke. Zamansa yana nan a rataye, Excel yana buɗe, fayil ɗin yana hannunsa, tamkar wanda ya rufe shago ya tafi gida da mukullin sito a aljihu. Haka abin yake idan data ta ƙare, ko netwok ya tsinke, ko aka ɗauke wuta rauta, na'urar da ke rarraba intanet, ta mutu. An ƙera shi haka da gangan don ka dawo ka tarar da aikinka inda ka bar shi. To ka ɗauka jiya da daddare ka yi aiki daga gida ka danna X. Yau da safe ka zo ofis, ka zauna a kwamfutar teburinka, ka buɗe fayil ɗin ta foldar da aka raba a netwok. Excel zai ce wani ya kulle shi, ya kuma ambaci sunanka, kuma gaskiya ya faɗa: kai ɗin ne, na jiya.

Sunan nan ma kada ka dogara da shi sosai. Excel ba sunan shiga Windows yake nunawa ba, sunan da aka rubuta a File, Options, General, User name yake ɗauka. Idan wanda ya haɗa muku kwamfutocin ya bar "Admin" ko "User" a ko'ina, ko kuma ku huɗun da asusu ɗaya kuke shiga, sunan ba zai gaya maka komai ba. Kowa ya samu asusunsa, kowa ya rubuta sunansa a wurin nan. Aikin minti goma ne, kuma shi zai raba ku da zargin juna.

Yadda za ka gane mai riƙe da shi: a kan sabar, ka buɗe Command Prompt da ikon Administrator ka rubuta

query user

Zai jero maka duk waɗanda ke ciki. Ka dubi layin STATE. Wanda aka rubuta wa Active yana ciki yanzu haka. Wanda aka rubuta wa Disc shi ne ratayayyen. Kusa da shi akwai lambar ID da IDLE TIME, wato tsawon lokacin da ya yi ba a taɓa komai ba. In ka ga, misali, asusun mai sito da ID 3, Disc, awa goma sha huɗu, ka kama ɓarawonka. Umarnin da ke korar sa shi ne

logoff 3

amma ka dakata tukuna. Wannan umarni ba ya tambaya, duk abin da mutumin ya shigar bai ajiye ba zai iya tafiya. Abin da ya fi shi ne ka kira shi a waya, ya sake shiga, ya danna Save, ya rufe Excel, sannan ya fita ta Start, hoton asusunsa, Sign out. Sai an rasa shi gaba ɗaya ake korar zaman da ƙarfi.

In babu ratayayyen zama, sai a duba ta ɓangaren fayil ɗin kansa, kuma a nan mutane da yawa suke ɓata. Ana buɗe fsmgmt.msc, wato a rubuta sunan a Command Prompt, a shiga Open Files, in ba a ga fayil ɗin ba sai a ce ai ba kowa a kansa. Wannan jerin ba ya nuna komai sai abin da aka buɗe ta netwok, wato ta adireshi irin \\SABA\Lissafi. Wanda yake cikin sabar ya buɗe shi kai tsaye ta D:\Lissafi ba zai fito a can ba. Don shi sai ka buɗe resmon, ka shiga shafin CPU, a akwatin neman da ke Associated Handles ka rubuta wani yanki na sunan fayil ɗin, kamar "sito". Zai nuna maka manhajar da ke riƙe da shi da lambarta. Sau da yawa EXCEL.EXE ne da ya maƙale a bayan fage ba tare da taga ba. A Task Manager, shafin Details, za ka ga sunan mai shi kafin ka kashe shi. Wani lokacin kuma ba Excel ba ne sam, tagar leƙe ce ta File Explorer, wadda ke nuna cikin fayil a gefen dama da zarar an taɓa shi. Ita ma tana iya riƙe fayil. Alt da P suna kashe ta, kuma a saba irin taku gara a bar ta a kashe.

Sai ƙaramin fayil ɗin shaida. Duk sanda aka buɗe sito.xlsx, Excel yana ajiye wani ɓoyayyen fayil a gefensa mai suna ~$sito.xlsx, bai kai kilobayit ɗaya ba, a cikinsa sunan mai buɗewa yake. In an rufe lafiya yana ɓacewa. In wuta ta ɗauke wa sabar, ko Excel ya mutu, sai ya zauna ya ci gaba da cewa akwai mutum a ciki. Ka shiga foldar ta Command Prompt ka rubuta dir /a ~$* za ka gan shi. Goge shi ba laifi ba ne, amma shi ne mataki na ƙarshe, bayan ka tabbatar ta query user da Open Files da resmon cewa ba kowa. Wanda ya fara da gogewa alhali wani yana aiki a ciki, ko dai Windows ta hana shi, ko ya jawo ruɗanin da zai sa a yi kwafi biyu kowanne da rabin lissafi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Don kada abin ya riƙa dawowa, a sa wa ratayayyen zama wa'adi. A gpedit.msc, a bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Remote Desktop Services, Remote Desktop Session Host, Session Time Limits, a kunna "Set time limit for disconnected sessions". Wasu suna sa minti goma sha biyar. A ganina wannan zalunci ne a garin da netwok kan tafi ya daɗe, mutum kuma kan rufe laftof ya tafi masallaci daga nan ya tsaya cin abinci. Zai dawo ya tarar an kori zamansa da aikin da bai ajiye ba. Awa uku ta wadatar: ba ta cutar da wanda ya fita sallar Azahar, kuma wanda ya bar zama da daddare kafin asuba an share shi.

Yanzu "Document not saved", wanda ya fi ciwo. Sai ka san yadda Excel yake ajiya kafin ka gane shi. Ba ya rubutu kai tsaye a kan tsohon fayil. Yana ƙirƙirar sabon fayil na wucin gadi a cikin foldar, mai suna haruffa da lambobi takwas ba tare da .xlsx ba, ya juye littafin, wato duk abin da ke cikin fayil ɗin Excel, gaba ɗaya a ciki, ya kawar da tsohon, sannan ya laƙaba wa sabon sunan tsohon. Ko adadi ɗaya ka canja, duk wannan zagayen sai an yi shi. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, mai ajiya yana buƙatar izinin ƙirƙira da gogewa da canja suna a foldar, ba izinin rubutu kaɗai ba. Na biyu, duk abin da ya tsinke hanya a tsakiyar zagayen ya lalata ajiyar.

Batun izini ya fi sauƙi. Ana yawan samun maigida ya ce kada a bar yara su iya goge fayil, sai mai haɗa kwamfuta ya ba su Read da Write ya hana Delete. Niyya mai kyau, amma Excel ba zai iya ajiya ba, kuma foldar za ta cika da tarkacen fayilolin nan masu haruffa takwas. In ka leƙa foldarku ka ga irinsu birjik, ka sami dalilin. A danna dama a kan foldar, Properties, Security, a ba masu aikin Modify. A kan folda, ba a kan fayil ɗaya ba. Sannan ƙofa biyu ce: akwai izinin Security, akwai kuma na Sharing, kuma wanda ya fi tsauri shi ke cin nasara. Sabuwar foldar da aka raba ta Advanced Sharing tana zuwa ne da Read kaɗai ga kowa, sai an ƙara Change da hannu. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya yana iya ajiya in ya buɗe ta D:\ a cikin sabar, amma ya kasa in ya buɗe ta \\SABA, domin izinin Sharing ba ya aiki sai a kan wanda ya biyo ta netwok. A Security, Advanced, Effective Access, za ka iya zaɓar asusun mutum ka ga ainihin abin da yake da iko a kai. In ta hanyar saka shi cikin sabon rukunin masu izini aka ba shi ikon, sai ya yi Sign out ya sake shiga kafin ya fara aiki. Danna X ba ya wadatarwa.

Tsinkewar hanya kuwa, a nan nake zaton gizo yake saƙa a wajen mai sito na Sharaɗa. Ka tambaye shi a ina fayil ɗin yake lokacin da yake aiki. Remote Desktop yana ba da dama a ga faifan laftof daga cikin sabar, in an zaɓi Drives a Show Options, Local Resources, More. Sai faifan ya fito a This PC da suna irin "C on LAPTOP", adireshinsa na gaskiya kuma \\tsclient\C. In mutum ya buɗe fayil daga can, to Excel yana Singa, fayil yana Sharaɗa, kowace ƙwayar bayani sai ya bi ta layin wayar da yake haska wa laftof data. Ka yi lissafi: fayil mai megabayit 8 megabit 64 ke nan, a layin da ke tura megabit ɗaya a daƙiƙa ya haura minti guda, ba a ma sa jinkirin kai-komo ba. A cikin wannan minti in kira ya shigo wayar, ko netwok ya ɗauke na ƙiftawar ido, \\tsclient ya ɓace gaba ɗaya. Allon zai dawo da kansa bayan 'yan daƙiƙu, mutum ya ɗauka ba abin da ya faru, amma riƙon da Excel ya yi wa fayil ɗin ya riga ya mutu.

Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci: fayil ya zauna inda Excel yake. A kwafo shi zuwa sabar, a yi aiki, a ajiye, a rufe, in ana son kwafi a laftof sai a mayar bayan an gama. In fayil da Excel duk suna cikin sabar, netwok ya tsinke sau ashirin ba abin da zai same su, hoton ne kawai ya tsaya. Wannan ita ce babbar fa'idar Remote Desktop, kuma ita ake zubarwa in ana aiki ta \\tsclient. Haka filashi: wanda aka soka a laftof ta wannan hanyar yake bi.

In saƙon ya riga ya fito, kada a rufe Excel, kada a yi ta danna Save. Aikin yana nan a ƙwaƙwalwar sabar. A danna F12, a ajiye da sabon suna a Documents na sabar, sannan a nemi dalili. A kuma duba ko faifan bai cika ba; tunda sai an rubuta sabo kafin a kawar da tsoho, ajiya tana buƙatar fili ko da fayil ɗin bai ƙara girma ba, kuma faifan C na saba mai mutum huɗu yana cika da Downloads ba a sani ba. Manhajar kashe ƙwayar cuta ma takan damƙe fayil ɗin wucin gadin don bincike daidai lokacin da Excel zai canja masa suna. In matsalar tana zuwa jefi-jefi ga kowa da kowa, har da wanda ke aiki a D:\, a dubi tarihin manhajar a daidai wannan lokaci. Sabar da rautar ofis kuma su kasance a kan UPS ko inbata, don 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta sun isa su bar ku da fayil rabi.

Shi kuwa "cannot access the file" saƙo ne na jimla. Excel da kansa yana lissafa dalilai uku a ƙarƙashinsa: adireshin babu shi, wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin, ko akwai wani buɗaɗɗen littafi mai suna iri ɗaya. Na biyu mun gama da shi. Na uku gaskiya ne a zahirinsa, Excel ba ya buɗe littafi biyu masu suna ɗaya ko da foldarsu daban, don haka sito.xlsx na bara da na bana sai an bambanta sunansu. Na farkon ne yake da rassa.

Harafin faifan netwok, irin Z:, ba na kwamfuta ba ne, na mutum ne, a cikin shigar da ya yi. Z: ɗin da kake gani a teburinka babu shi a zamanka na sabar sai in an haɗa shi a can ma, kuma Z: na mai sito yana iya nuna wata folda daban. Ka rubuta net use a Command Prompt a cikin zaman ka ga me ke haɗe. Ko a zama ɗaya ma, manhajar da aka buɗe da "Run as administrator" ba ta ganin haruffan da aka haɗa a zaman yau da kullum. Saboda haka duk gajeriyar hanyar da ke Desktop, duk makro, wato jerin umarnin da ake ajiyewa cikin Excel ya yi aiki da kansa, duk lissafin da ke janyo adadi daga wani littafi, a rubuta su da cikakken adireshi, \\SABA\Lissafi\sito.xlsx. A shafin Data, wajen Edit Links, ko Workbook Links a sababbin Excel, za ka ga inda littafin yake janyowa ka gyara. Jerin Recent shi ma yana yaudara, yana tuna adireshin da aka buɗe fayil jiya, ko da \\tsclient ne na laftof ɗin da yau ba ya nan.

Sai tsawon adireshi. Microsoft ta daɗe da bayyana cewa Excel yana da iyakar haruffa 218, in an haɗa sunan faifai da na foldoji da na fayil. Akantoci kuwa gwanaye ne wajen folda cikin folda: shekara, wata, reshe, sunan dila, sannan fayil mai suna kamar wasiƙa. Gwajin ba wuya, kwafi fayil ɗin zuwa D:\gwaji ka sa masa suna a.xlsx. In ya buɗe, tsawo ne, ko kuma wata alama a sunan, musamman baka mai kusurwa, wato [ ], wadda Excel yake amfani da ita a nasa lissafin.

Akwai wasu guda uku da ke kama da matsalar fayil alhali ba ita ba ce, in taɓa su a gurguje. In fayil ya buɗe da rawayen layi a sama, Protected View ne: an sauko da shi daga imel ko WhatsApp Web, Windows ta yi masa tambarin intanet. Danna dama, Properties, Unblock. Tun 2022 Office yake toshe makro a irin waɗannan fayiloli kai tsaye, kuma foldar da aka shiga da lambar IP, kamar \\192.168.1.10, Windows tana iya ɗaukar ta a matsayin intanet. A shiga da sunan sabar, ko a saka lambar a Local intranet ta inetcpl.cpl. In saman tagar ya ce "Unlicensed Product", lasisi ne, zai bari a karanta amma ba gyara. Ba kowane Office ne ake yarda ya yi aiki a sabar da mutane da yawa ke shiga ba, sai na lasisin kamfani ko Microsoft 365 mai Shared Computer Activation, irin Business Premium ko Apps for enterprise. Wanda aka sa muku sau biyun nan, ka tambaya wane iri ne. Na uku, in ka shiga ka tarar Desktop wayam kamar sabuwar kwamfuta, rubuta echo %USERPROFILE%. In ka ga C:\Users\TEMP, Windows ta kasa loda bayananka ta ba ka na aro, kuma duk abin da ka ajiye a Desktop ɗin nan zai goge da zarar ka fita. Kada ka ajiye komai a wurin.

Rahoton tsakar dare labarinsa daban, kuma sananne ne. A Task Scheduler zaɓi biyu ne: "Run only when user is logged on" da "Run whether user is logged on or not". In na farko aka zaɓa, amsar a fili take, ba ya tashi sai mai asusun yana ciki, ko da a rataye. Ka lura, wa'adin awa ukun da na ce a sa zai kori wannan zaman, don haka dole a gyara wannan tare da wancan. In an koma na biyu, aikin yana gudana ne a ɓoye ba tare da allo ba, inda babu Z:, babu \\tsclient, babu mai danna OK in Excel ya yi tambaya. A nan ne yake faɗuwa da "cannot access the file", sau da yawa da lambar 0x800A03EC, alhali fayil ɗin yana nan kuma izini ya cika. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne a ƙirƙiri folda wayam mai suna Desktop a wurare biyu:

C:\Windows\System32\config\systemprofile\Desktop
C:\Windows\SysWOW64\config\systemprofile\Desktop

Ta farko don Office mai bit 64, ta biyu don mai bit 32, a yi duka biyun a huta. Asusun da ke gudanar da aikin ya samu izini a kansu da kuma foldar lissafin, adireshin da ke cikin rubutun umarnin da ke fitar da rahoton ya zama cikakke, kuma rubutun ya rufe littafin ya kashe Excel in ya gama. In bai kashe ba, shi ne EXCEL.EXE ɗin da za ku tarar da safe ya kulle muku sito.xlsx, ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa. Amma in faɗa maka gaskiya, wannan ɗinki ne a kan tsumma. Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan a gudanar da Office ba tare da mutum a gabansa ba. In rahoton karanta adadi ne kawai a fitar da sabon fayil, a sa mai shirya manhaja ya rubuta shi da openpyxl na Python ko ImportExcel na PowerShell, ba sa buƙatar Excel ko kaɗan. Iyakarsu ita ce ba sa gudanar da makro, kuma openpyxl ba ya sake lissafa fomula, abin da Excel ya ajiye na ƙarshe yake karantawa.

Aikin da ya riga ya salwanta, a neme shi a sabar, a asusun wanda ya yi shi, ba a laftof ba. AutoRecover yana ajiye kwafi duk minti 10 in ba a canja ba, a %AppData%\Microsoft\Excel. Ku mayar da shi minti 5. Wanda ba a taɓa sa wa suna ba yana File, Info, Manage Workbook, Recover Unsaved Workbooks. Fayilolin nan masu haruffa takwas kada a share su da gaggawa: a kwafi wanda lokacinsa ya dace da lokacin asarar, a ƙara masa .xlsx, a gwada, wani lokacin cikakken aikin ne a ciki. Ka kuma sa a kunna Shadow Copies a faifan D, don a riƙa dawo da fayil na ɗazu ta Previous Versions. Jadawalinsa na asali ƙarfe 7 na safe ne da 12 na rana, Litinin zuwa Juma'a, wanda bai dace da ku ba tunda Singa tana ci ranar Asabar kuma shigar da kaya yakan kai yamma. A ƙara Asabar, a ƙara na bayan La'asar. Wannan ba ya maye gurbin kwafin da ake ajiyewa a wani faifai daban.

Ko an gyara duk wannan, fayil ɗin da ke foldar saba mutum ɗaya yake karɓa a lokaci guda, saura sai karatu. In da gaske ku huɗun kuna buƙatar rubutu tare, ko dai a raba, sito da nasa fayil, ofis da nasa, na uku ya janyo daga biyun, ko a mayar da shi ma'ajiyar Microsoft ta intanet, OneDrive ko SharePoint, inda ake rubutu tare, wanda kuma zai jingina ku da intanet ɗin ofis. Tsohon tsarin Shared Workbook ba na ba da shawararsa, yana hana abubuwa da dama aiki kuma rikicinsa ya fi amfaninsa.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma dole in yi maka hannunka mai sanda: ta yaya na gida da na sito suke isowa sabar? In an buɗe ƙofa ta 3389, wadda Remote Desktop ke bi, a rauta kai tsaye zuwa intanet, a rufe ta a koma VPN, wato killatacciyar hanyar shiga netwok ɗin ofis daga waje, don masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa ta nan suka fi shigowa, suna gwada kalmar sirri dare da rana. Ranar da kuka ga fayiloli da yawa sun ƙi buɗewa lokaci guda, sunayensu sun sami wata baƙuwar jela bayan .xlsx, ba kullewar Excel ba ce. A zare wayar netwok daga sabar nan take, kada a soka faifan ajiya a jikinta.

In bayan wannan wani saƙon ya sake fitowa, kafin a taɓa komai ka ɗauki hoton saƙon gaba ɗaya, da sakamakon query user da na net use daga zaman wanda abin ya samu, da cikakken adireshin fayil ɗin kamar yadda yake a File, Info. Ka rufe sunayen asusun da lambar IP ɗinku ta waje kafin ka turo.